Ɗakin da Babu Sauro

Jikata Safiya ce ta kawo mini ku, ku huɗu da fararen rigunanku na makarantar koyon jinya, wai malamarku ta ce ku nemi tsohuwar ungozoma ku ji yadda ake yi a da. Na ji daɗin zuwanku. Amma na kuma ji abin da doguwar cikinku ta faɗa a zaure kafin ku yi sallama, don idona ne ya yi rauni, kunnena yana nan lafiya lau. Ta ce ai ungozomanci ba wani aiki ba ne, reza ce da zare, kowa ma ya iya. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Shekara arba'in da ɗoriya ina durƙuso a ɗakunan mutane, yau yarinyar da ba ta gama sanin ɗaurin zani ba ta taƙaita mini aikina a reza. To ku gyara zama. Abin da zan faɗa ku rubuta shi yadda na faɗe shi, har da inda ya taɓa ni, kada wadda ta gyara mini.

Sunana Dije, a Kanya Babba aka haife ni. Shekarar da Turawa suka miƙa mulki na fara bin Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, ina da 'ya'ya biyu a lokacin. Ita ce ungozomar garinmu da rugagen Fulanin da ke kewaye. Shekara uku ina bin ta ban taɓa cibiyar kowa ba. Aikina ɗebo ruwa, faskare, hura wuta a ƙarƙashin tukunyar wanka, yanko ganyen runhu, wanke tsummokara, da haƙa ramin mabiyiya a bayan ɗaki. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ta ce ranar da ta ga na daina ɗokin askar, ranar za ta miƙa mini ita. Mace ce gajeruwa mai faɗa, ba ta dariya a ɗakin haihuwa, kuma ba ta yarda a ci goro a kan mai naƙuda.

Kayan aikinta duka a ƙwarya ɗaya suke, rufe da faifai. Akwai aska ta maƙeri da take ƙonawa a wuta kafin ta yi amfani da ita, da zaren da ta kaɗa da hannunta, da sabulun salo, da man shanu a ɗan koko, da tsingaro mai santsi na gashin cibiya. Daga baya reza ta zo, muka koma sabuwar reza ga kowace haihuwa. Waɗannan su ne abin da kuke gani, shi ya sa kuka raina. Yankan cibiya na koye shi a yini guda. Abin da ya ci mini shekara uku shi ne shiga ɗakin mai ciki tun haihuwa tana da nisa, a duba inda take kwana, da randar da take sha, da inda hayaƙin murhunta yake bi.

Akwai wata amarya a bayan kasuwar Kanya, matar wani manomin taba, cikinta wata shida, kullum jiri da amai. Uwar mijinta ta ce laulayi ne. Gwaggo ta shiga ɗakin, ba ta ko kalli yarinyar ba. Ta tsaya tana shaƙar iska, sannan ta tsuguna tana duba lungu-lungu kamar wadda allurarta ta faɗi. Ta ɗaga kai sama, ga ganyen taba nan rataye reras a jikin azara, miji yana shanya. Ta kira ni ta ce in nuna mata tsaka ɗaya, ko saƙar gizo-gizo, ko layin kiyashi. Na duba, babu. Ta ce duk ɗakin da na shiga na ga ƙananan halittu sun ƙaurace masa, kada in yaba shi, in nemi abin da ya kore su, don ɗan da ke ciki bai fi su ƙwari ba. Ranar ta sa mijin ya sauke tabarsa yana ta gunaguni. Kwana huɗu yarinyar ta warware. Na riƙe maganar nan shekara goma sha biyar, sannan na sake ta a ranar da ta fi amfani.

Bayan rasuwar Gwaggo maigidana ya dawo da mu Babura, yana dillancin dabbobi. Nan na yi suna. Gidajen fatake, gidajen malamai, matan ma'aikata 'yan kudu da ke haya a bakin tasha, har matan Nijar da naƙuda ta kama a ranar kasuwa, duk ni ake aiko wa. Ranar suna kan rago da ƙafafu nawa ne, wasu su haɗa da turmin atamfa. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ke nan, fam ya tafi naira ta zo, kowa yana cire jinka yana buga kwano, ana shafe ɗaka da siminti. Duk abin da ya zo a gwangwani da rubutun Turanci a jiki, gani muke ya fi namu. Ni ma haka nake gani, kada ku ɗauka na fi kowa wayo.

Bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi, wake ya yi daraja. Wanda ya iya ajiye shi daga kaka zuwa bazara ba tare da ƙwaro ya huda shi ba, ya yi arziki. Mu da toka muka sani, da barkono, da yashi mai laushi a cikin rumbu. Sai ga wata farar hoda ta shigo kasuwa, ana barbaɗa ta a buhu, wake ya shekara sumul. Babban mai ajiyar wake a unguwarmu shi ne Alhaji Idi, mutum mai kyauta, ba na yi masa ƙarya. Motoci har daga tsallaken iyaka suke zuwa lodi a ƙofar gidansa, a biya shi da sefa. Da sitonsa na kasuwa ya cika, sai ya gina wani dogon ɗaki a cikin gida, na siminti da kwano, ya jera buhuna a rabinsa, rabi ya zauna fili.

Da daminar da ta gabaci wannan, wata mai ciki ta mutu a hannuna da zazzaɓin sauro, ita da abin cikinta, saura wata ɗaya ta sauka. Tun daga ranar na tsani sauro fiye da maciji. Ina cikin wannan hali aka kawo Binta, 'yar farin Alhaji Idi, goyon ciki daga Roni inda take aure. Kun san al'ada, cikin fari idan ya kai wata bakwai gidan iyaye ake dawowa, a haihu, a yi arba'in. Kun kuma san kunyar 'yar fari. Uwarta, Hajiya Yelwa, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "yarinyar nan", balle ta tsaya zaɓa mata ɗaki a gaban mutane. Saboda haka ni aka kira, aka ce in zaga gidan in ga inda ya dace.

Da hantsi na zaga. Ɗakin Hajiya na ƙasa ne, yana kusa da rijiya, ina ɗaga labule sauro ya taso mini. Ɗakin tsohuwar gidan ma haka. Sai na tura ƙofar ɗakin wake. Sanyi, tsab, ba ƙuda, ba sauro, ba kuɗin cizo. Akwai wani wari mai ɗan kama maƙogwaro, na ce a raina irin warin asibiti ne, warin tsabta. Ban tsuguna ba, ban duba lungu ba, ban ɗaga kaina sama ba. Na fito ina murna na ce wa Hajiya Allah ya ba su ɗakin da ya fi na kowa a garin nan, a shimfiɗa wa Binta a nan. Da bakina na faɗa, ba wanda ya sa ni.

Sati biyu Binta ta fara ciwon kai. Ta ce mini idanunta suna yaji, yawu yana tarar mata a baki, in ta tashi ɗaki yana juya mata. Na ce laulayi ne. Ku da kuke makaranta, ku gaya mini, wane laulayi ne yake fara wa mace a wata na takwas? Na sani sarai, amma na riga na yabi ɗakin a gaban mutane, zuciyata ba ta son jin wani abu dabam. Na ce ta rufe ƙofa da taga da wuri kada sauron waje ya shigo, ta kuwa rufe. Ƙosai da alale da ake yi mata don ta yi ƙarfi, daga buhunan gefenta ake ɗiba. Gwangwanin hodar da ya ƙare an ɗauraye shi, ya zama moɗar randarta, don yana da kyau kuma ba ya tsatsa.

Bai tsaya nan ba. Matan unguwa suka ji ungozoma ta yabi ɗakin Alhaji, sai masu 'ya'ya da ciki suka riƙa aikowa a sam musu hodar. Alhaji ba ya hana abu. A ƙulla a takarda, a kai gida, a barbaɗa ƙarƙashin tabarmar mai ciki. Wata har a kan 'yarta ta zuba saboda ƙwarƙwata. Ina gani, ina cewa madalla.

Ranar wata Juma'a, ana sakkowa daga masallaci, Binta ta sauka. Naƙudar ba ta yi tsanani ba. Yaron ne ya zo ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannuna biyu ba, jikinsa saɓule, bai yi kuka ba. Na share masa baki, na murza bayansa, na hura masa iska, na yayyafa ruwa. Sai da na fara fid da rai sannan ya yi wani ɗan ƙara kamar na ɗan mage. Na ɗaure cibiya, na yanke. Hannuwansa suna ta karkarwa, nono kuwa sai an matsa masa a baki. Aka sa masa sunan kakansa, ana kiransa Ɗanjuma. A ɗakin nan ya yi arba'in ɗinsa, ƙofa a rufe, da garwashi don kada sanyi ya kama mai jego.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kafin a yi girbi na karɓi haihuwa uku a unguwar da ba su yi mini daɗi ba. Ɗaya ya zo ba rai. Ɗaya ya zo kafin lokacinsa, ya kwana shida ya koma, ba a ko yanka masa rago ba. Ɗayar ta rayu, ƙarama kamar Ɗanjuma. Magana ta tashi. Wasu suka ce iska ce ta shigo unguwa, wasu suka ce an yi wa Alhaji baki saboda arzikinsa, amma abin da ya fi yawo shi ne hannun Dije ya lalace. Aike ya ɗauke. In na wuce mai ciki a hanyar rijiya sai ta ja mayafi ta rufe cikinta. Wata da na karɓi haihuwarta biyar ta aika har Gwiwa aka ɗauko mata wata ungozomar a kan keke. Haushi ya cika ni, ina cewa an zalunce ni, alhali ban san gaskiyarsu ta fi tawa ba, ko da yake su ma ba su san inda laifina yake ba.

Kunun kanwa ne ya tona asiri. Saura kwana uku Binta ta yi arba'in na kai mata kunu da safe, hannuna ya goce, ya zube a bayan ƙofa. Na ce zan goge, aka kira ni waje, na manta. Washegari da na dawo yi mata wanka sai na ga kunun yana nan yadda ya zube, ya bushe, da zaƙinsa da komai, ba kiyashi ko ɗaya a kansa. A ɗakina da tuni sun yi layi har waje. Na tsuguna, abin da ya kamata in yi wata uku da suka wuce. Na ja buhu ɗaya gefe. Ga tsaka biyu a bushe, ga kyankyasai a kife, ga wani ɗan ɓera. Na ɗaga kai, ko zaren gizo-gizo babu. Muryar Gwaggo na ji kamar tana tsaye a bayana. Na ɗauki moɗar randa na sa a cikin mayafina, ban ce wa kowa komai ba.

Ranar kasuwa na hau mota zuwa Kazaure. Akwai wata nas a asibitin, Rahila, Kirista ce daga kudancin Zariya, Hausarta tas. Ita nake kai wa haihuwar da ta fi ƙarfina, ba ta taɓa yi mini kallon raini ba. Na miƙa mata gwangwanin na ce ta karanta mini abin da ke jiki. Ta karanta a ranta, ta dube ni, ta tambaya me muke yi da shi. Da na ce ruwa mai ciki take sha da shi, sai ta zauna. Ta ce an rubuta kada a ajiye shi inda mutane ke kwana, kada ya taɓa fata, kada a shaƙa, kuma in ya ƙare a fasa gwangwanin a binne. Ta nuna mini hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Na ce na gan shi, mai sayarwa ya ce ai hoton abin da zai sami ƙwaro ne. Ta ce abin da uwa ta sha ko ta shaƙa ba a jikinta yake tsayawa ba, yana bin jini ya isa ga ɗa, a lokacin da ake gina masa ƙwaƙwalwa, daga baya kuma ya bi nono. Ta ce ba za ta rantse cewa shi kaɗai ya yi ɓarnar ba, amma da 'yarta ce ko yini ɗaya ba za ta yi a ɗakin ba.

A motar dawowa har haƙorana nake cizawa. Wanda ya haɗa abin nan ya san guba ne, har ya rubuta. Ya rubuta wa wa? Duk unguwarmu babu mai karanta wannan rubutu. Wanda ya shigo da shi bai tsaya ya fassara ba, na kasuwa kuwa juye shi yake a takarda ya sayar kamar gishiri. Kowa ya ci ribarsa ya wuce, aka bar mu da jarirai. Har yau in na tuna sai jikina ya yi zafi. Da na isa Babura Binta ta riga ta koma Roni da ɗanta. Na gaya wa Hajiya a keɓe, ta ce za ta gaya wa maigida. Na bi gidajen da na sani ina cewa a daina barbaɗa hodar, amma ban ce ni na jawo ba. Wa zai saurari ungozomar da hannunta ya lalace? Suka ce neman wanda zan ɗora wa nake.

Damina ta zagayo, aka kawo Hansai, ƙanwar Binta, ita ma goyon cikin fari. Ba a aiko mini ba. A bakin mai tallan fura na ji cewa an shimfiɗa mata a ɗakin wake. Tuwo nake tuƙawa, na sauke tukunyar na tafi. Na tarar da Alhaji a zaure shi kaɗai bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gwangwanin a gabansa, na faɗa masa duk abin da Rahila ta karanta. Ya saurara har na gama. Ya ce shi ma waken yake ci, ga shi garau. Ya ce in aka fid da yarinya daga ɗakin nan a bisa wannan dalili, kafin kasuwa ta ci za a ce waken Idi yana kashe jarirai, motoci su daina tsayawa a ƙofarsa. Sannan ya dube ni.

"Dije, wa ya zaɓi ɗakin nan tun farko?"

"Ni ce, Alhaji."

"To ki je ki faɗa wa gari haka. In kin iya faɗa, ki zo ki ɗauke ta."

Ya san abin da yake nufi. Sunan da ya rage mini ɗan kaɗan ne, in na faɗa da bakina cewa ni na sa Binta a inda ya cuce ta, shi ke nan, na binne sana'ata da hannuna. Bai yi zaton zan iya ba. Ni ma da na fito ban tabbata ba. Kwana biyu ina juya abin, Hansai kuma tana kwana a ɗakin.

A rana ta uku ana suna a gidan limamin unguwa, mata sun cika tsakar gida, Hajiya Yelwa tana ciki. Ba a gayyace ni ba, na je. Ana cikin rabon tuwo na miƙe tsaye da gwangwanin a hannu. Na ce su saurare ni, sun ce hannuna ya lalace, to ba hannuna ba ne, idona ne da bakina. Na ce ni na shiga ɗakin da babu sauro na yabe shi ban tambayi abin da ya kashe sauron ba, ni na ce a sa Binta, ni na ga ana barbaɗa hoda a ƙarƙashin 'ya'yansu na ce madalla. Na ce Alhaji wake ya ajiye, bai ce a kwantar da mai ciki a kai ba. Na ce wadda ba ta yarda ba ta zuba kunu a inda ta barbaɗa hodar, ta dawo gobe ta nemi kiyashi. Na ce su daina kirana in sun ga dama, amma su share ɗakunan 'ya'yansu.

Uwar yaron da ya kwana shida ya koma ta tashi, ta zo har gabana, ta tofar da yawu a ƙasa ta fita. Har ta mutu ba ta sake amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba. Hajiya Yelwa ta ajiye kwanon tuwonta, ta yafa mayafi ta fita. Na bi bayanta daga nesa. Kafin in isa ƙofar gidansu sai ga ta ta fito da tabarma naɗe a ka, Hansai tana biye da ita da ƙullin kaya. Alhaji yana zaune a zaure, ta gabansa suka wuce, bai ɗago ba. Da ta iso inda nake ta tsaya.

"Ga ta nan, Dije. Binta ma da na buɗe baki da ba haka ba."

Ranar na fara jin sunan 'yar farinta a bakinta.

A ɗakina na ƙasa Hansai ta zauna wata biyu, ɗaki mai tsaka a bango da kiyashi a bakin ƙofa. Na aika wa Rahila ta sayo mini gidan sauro a Kazaure, na ɗaura mata. Kullum ina taɓa goshinta, don da zazzaɓi ya kama ta a ɗakina da ban san inda zan sa kaina a garin nan ba. Allah ya kiyaye. Wata Talata da rana tsaka ta haifi mace, jawur da ita, mai nauyi, tun kafin in gama karɓarta ta tsala kukan da ya sa awakina suka firgita. Bayan sati Alhaji ya aiko mini da kan rago da ƙafafu, bai haɗa da magana ba. Kafin kaka ya kwashe buhunan daga cikin gida ya mayar kasuwa. Motoci ba su daina tsayawa a ƙofarsa ba. Ni ce dai na yi kusan shekara biyu kafin aike ya dawo mini sosai, wasu gidajen kuwa har na ajiye aiki ban sake taka su ba.

Ba labarin da ba ne kaɗai nake ba ku. Jiya-jiyan nan na ji yaro yana tallan maganin sauro a kwalbar da ba rubutu, ana saye ana fesawa a ɗaki a rufe ƙofa da mai ciki a ciki. Masu feshin gona su dawo su miƙa wa mace mai tsohon ciki rigarsu ta wanke. Jarkar maganin ciyawa ta zama ta ruwan sha. Ku kuna iya karanta abin da ke jiki, ba ku da uzurin da muke da shi. In mace ta zo muku awo kuka auna cikinta kuka rubuta a kati ba ku tambaye ta inda take kwana da abin da ke ɗakin ba, rabin aikin kuka yi.

Mutumin da kuka wuce a zaure, mai furfura a gemu, wanda ya yi muku dariya bai amsa sallamarku ba, shi ne Ɗanjuma. Sai da ya shekara huɗu ya taka ƙasa. Allo bai zauna masa ba, sana'a ba ta zauna masa ba, kalmominsa ba su fi a ƙirga ba. Da Binta ta rasu aka dawo da shi Babura gidan kakanninsa, tun daga nan kullum da safe yana zuwa ya zauna a ƙofata, ya ce mini Inna, in ba shi koko. Bai san abin da na yi masa ba, ni kuwa na sani duk safiya. 'Yar Hansai tana Kano tana koyarwa, 'ya'yanta shida. Binta da Hansai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, gida ɗaya, ungozoma ɗaya.

Ke doguwa, in za ku fita ki tsaya ki gaishe shi da kyau. Rigarsa ba ta cika rufe cikinsa ba, za ki ga cibiyarsa. A duk shekarun da na yi ina aikin nan ban taɓa yanke wadda ta fi ta kyau ba.